Satha a Sanyin Riyad

Ran nan ina zaune a ƙofar ɗakinmu nan Sana'iyya ta Biyu ina shan shayi, sai na ji ɗayanku yana ce wa abokinsa, "Ni da zan samu aiki irin na Baba Ilu, ai da na huta. Ka zauna cikin mota, ka danna maɓalli, bayanta ya sauko, ka ja motar mutane ta hau, ka kama hanya." Ban ga laifinsa ba, don gaskiya iyakar abin da ido yake gani ke nan. Amma tunda yau Juma'a ce, an sauko daga masallaci, kun ci kun ƙoshi, babu mai sauri, ku gyara zama in ba ku labarin aikin.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa, a jihar Maradi, kuma tun a gida na iya tuƙi. Da na zo Riyad, aikin da na fara samu wankin mota ne a garejin wata wakala, wato kamfanin da ke sayar da sababbin motoci yana kuma gyara su. Duk wanda ya sayi mota a wurinsu, sukan yi masa alkawari na wasu shekaru: abin da ya lalace, in dai laifin masana'anta ne, za a gyara masa kyauta. Wannan alkawarin shi ake ce wa daman. A cikinsa akwai cewa in motar ta mutu maka a hanya, ka buga waya a turo maka mutum. To, ni ne mutumin da ake turowa. Motar da nake tuƙawa kuwa ita ce satha, mai shimfiɗaɗɗen bayan nan da kuke gani.

Da zafi aikin kusan iri ɗaya ne: inji ya tafasa, taya ta fashe. Da sanyi ake gane wanda ya iya. In ka gaya wa mutanen gida ana sanyi a Saudiyya, dariya za su yi maka, amma ku da kuka ɗanɗana kun sani. Da asuba in ka kama ƙarfen mota sai yatsunka su ƙage. Kuma a nan, ba kamar gida ba, ruwan sama da sanyi tare suke zuwa. A lokacin ne ma duk magidanci yake kwasar iyalinsa ya fita jeji shan iska, abin da suke kira kashta, ko ya iya tuƙi cikin rairayi ko bai iya ba.

Wanda ya koya mini aikin wani Basudane ne, Usta Siddiƙ, wato Gwani Siddiƙ, dogo, mai magana a hankali. Kakansa Bahaushe ne da ya tashi aikin hajji a ƙasa ya tsaya a Sudan, don haka yana da 'yar Hausa a bakinsa, irin ta tsofaffi. Shi ya je wurin mudir, shugaban garejin, ya ce a ba shi ni, don ya lura da yadda nake juya motoci a wurin wanki ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Fitarmu ta farko tare a unguwar Dira ce, cikin wani lungu bayan kasuwa, da sanyin safiya. Wani mai shagon turare ne motarsa ta ƙi tashi. Muna tsayawa na yi tsalle na sauka da wayoyin jona batir a hannu, ina so in nuna ni ma na san abin yi. Sai Usta ya kama bayan rigata.

"Ina za ka, ya Ilyas?"

"Batir ne, Usta. Ai sanyi ne ya kashe shi."

"Wa ya gaya maka? Motar ce ta faɗa?"

Ya ce wa mai shagon ya murɗa makulli, ya karkata kai yana saurare. Motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ya ce a kunna fitilu, suka kama ras. Sannan ya ɗaga murfin inji ya nuna mini kan batirin da yatsa. Wani farin gari ne ya taru a kai, kuma da ya taɓa wayar sai ta motsa. Ya tsiyaya ruwan zafi daga fulas ɗinsa ya wanke garin, ya goge da tsumma, ya ɗaure da ƙaramar sifana. Bugu ɗaya motar ta tashi. Duk da haka bai tafi ba sai da ya auna batirin, ya ce wa mutumin, "Yau ya tashi, amma ya fara gajiya. Ka kai shi wakala cikin makon nan, tun damanka bai ƙare ba."

A hanyar komawa ya ce mini, "Motocin yanzu cike suke da kwamfuta. Ka jona waya ba daidai ba sau ɗaya, ka ƙone abin da ya fi batir tsada nesa ba kusa ba, kuma a ce kai ne. Ja zuwa ja, baƙi ka kama shi a jikin ƙarfen inji. Amma kafin duk wannan, ka fara da kunne."

Kayan aikina ba su da yawa, amma ba na fita sai na taɓa kowanne da hannuna. Akwai winshi, na'urar da ke nannaɗe igiyar ƙarfe ta jawo mota ta hau. Akwai ɗamarun ɗaure tayoyi, da igiyar ja ta zare mai faɗi, don sarƙa in ta tsinke ba ta san ɗan'uwa ba. Akwai shebur, da katakai biyu, da ma'aunin iskar taya, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir. Akwai alamun gargaɗi masu ƙyalli da ake jerawa a titi. Sauran biyun babu su a cikin kayan da wakala ke bayarwa, ni na ƙara da kaina: bargo da fulas ɗin shayi. Mutumin da ya daɗe yana rawar sanyi a gefen titi ba ya jin bayani. Ka miƙa masa kofi tukuna, in hannunsa ya daina karkarwa sai ku yi maganar mota.

Wata safiya mai hazo, a kan babban titin da ya kewaye gari, wata malamar makaranta ta kira. Ba ta daɗe da fara tuƙi ba, motar ta mutu mata a layin gefe, motoci suna wucewa kamar iska. Ina jin muryarta a waya na san tana cikin motar a zaune, ta kulle ƙofofi. Na ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ki kunna fitilun gargaɗi, ki fita ta ƙofar dama, ki tsallake ƙarfen gefen titi ki tsaya can nesa." Ta ce sanyi ake yi. Na ce na sani, amma ta fita. Da na iso, kafin in dubi motar sai da na yi tafiya mai nisa a ƙasa ina jera alamu, ina jin iskar manyan motoci tana ture ni. A cikin hazo, mai zuwa ba ya ganinka sai ya zo kanka. Ɗora motar bai ɗauki komai ba. Tsayawa a bayanta kana ɗaure taya, bayanka yana kallon titi, wannan shi ne aikin.

Masu mota kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai rantse bai taɓa komai ba, ka ɗaga murfin inji ka tarar ya sa an jona masa manyan fitilun jeji a wani shago, wayoyi ko'ina. Irin wannan in wuta ta lalace, daman ba ya ɗauka. Akwai wanda bai taɓa kai motar juyen baƙin mai a kan lokaci ba, amma shi ya fi kowa ɗaga murya. Akwai wanda zai sumbaci kanka don ka tayar masa da mota kafin yara su makara. Abin da na koya shi ne, ba na yanke hukunci a gefen titi. Ba na ce wa mutum za a gyara masa kyauta, ba na ce masa ba za a gyara ba. Nakan ce, "Injiniyoyi za su duba. Abin da na gani kawai zan faɗa." Da yawa ba sa son wannan amsar, amma ita ce ta sa har yau ina kan aikina.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce shekarar da muke kira ta ruwa. An yi kwanaki ana tafkawa, hanyoyin ƙarƙashin gada suka cika, kwaruruka suka kawo. Waya ba ta hutawa. Kana sauke mota ɗaya, ana turo maka wurin wata. Kayan jikina ba su bushe ba har aka ɗauke ruwan, filin gareji ya cika da motoci masu warin laka.

A cikin kwanakin ne aka tura mu ni da Usta gefen kwarin Dir'iyya, inda wata mota ta nutse cikin taɓo har rabin ƙofa. Igiyar winshin ta sha aiki a makon nan, kuma babu wanda ya samu sararin canza ta. Usta ya bi ta da hannu, ya ce za ta kai mu yau. Ya ture ni gefe ya ce in tsaya bayan satha. Motar ta fara motsi, taɓo ya riƙe ta, sai na ji ƙara kamar ta bindiga. Igiyar ta tsinke ta dawo ta same shi a dantse. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Ilyas, kashe winshin tukuna." An ɗora hannun a asibiti, amma bai ƙara riƙe sifana da ƙarfi ba. Kafin sanyin ya fita ya tattara ya koma Sudan. Tun daga ranar, in na ga ko zare ɗaya ya tashi a jikin igiya, ba na fita da ita, ko wa zai yi faɗa.

Bayan tafiyarsa asibiti ni kaɗai nake fita, kuma a haka aka tura ni bakin wata hanyar ƙarƙashin gada. Ina isa na ga Sani. Sani mutumin Damagaram ne, direban gidan wani attajiri, mun daɗe muna cin abinci tare ranar Juma'a kamar yadda muke yi da ku yanzu. Mutane sun taya shi turo motar gidan daga cikin ruwa zuwa tudu. Sabuwar mota ce fil, kujerunta ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Wandonsa a jiƙe har cinya.

Na ce, "Sani, da ta mutu cikin ruwan, ka sake tayar da ita?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gwada, Yaya Ilu. Uwargida tana baya tana cewa in yi sauri, ruwa yana shigowa."

"Sau nawa?"

"Har sai da ta daina amsawa."

Ku riƙe wannan ko da ba za ku taɓa yin aikina ba. In mota ta mutu cikin ruwa, kada ka taɓa makulli. Inji iska yake shaƙa. In ya shaƙi ruwa ka tilasta masa juyawa, ƙarafunan cikinsa lanƙwashewa suke yi. Motar da za a busar a wanke ta tashi, sai ta koma mai neman sabon inji.

Sani ya ja ni gefe ya rage murya. "Yaya, don Allah, in ka je ka ce a busasshen titi ka same ta. Ka ce haka kawai ta tsaya. In daman ya ɗauka, maigida ba zai ce komai ba. In bai ɗauka ba, aikina ya ƙare. Ka san halin da ake ciki a gida."

Na buɗe akwatin matatar iska na zaro ta, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Na ce, "Dubi nan. Abin da injiniya zai fara buɗewa ke nan. Ko na faɗa, maganar ba za ta kai azahar ba. Daga nan kai maƙaryaci, ni maƙaryaci. Amma zan bi ka wurin maigidan naka in yi masa bayani da bakina."

Na je ɗin. Bayan na sauke motar a gareji, na same shi a majalisarsa. Na gaya masa irin ruwan da na gani, da yawan motocin da na ɗauko a wurin, na ce direbobin da suka girmi Sani a tuƙi ma sun faɗa. Na ce ya tuntuɓi masu inshora, don wani lokaci sukan ɗauki ɓarnar ruwa. Ya saurare ni, ya sa aka zuba mini gahawa, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya." Wata bai cika ba ya sallami Sani. Ranar da zai tafi filin jirgi bai yi mini sallama ba. Sai bayan shekaru ya kira ni da wata Sallah, muka gaisa, ya ce yanzu yana tuƙa motar haya tsakanin Damagaram da Matamaye. Ba mu tayar da maganar ba, ni da shi.

Aikin da zan rufe muku da shi a jeji ya faru, a wani sanyi da ya wuce ba da daɗewa ba. Lokacin sanyi wakala takan ajiye mana wata ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu saboda kiran jeji, don satha ba ta shiga rairayi. Bayan sallar asuba aka kira ni daga ofis aka ce wani mutum, Abu Nasir, ya maƙale a arewacin gari, aka turo mini wurin a waya. Na kira shi ina fita. Muryarsa garau. Ya ce sun kwana a tanti shi da mahaifiyarsa da 'yarsa ƙarama, iska ta tsananta, suka tattara da sassafe za su koma gida, motar ta nutse a gindin wani tudun rairayi.

Na ce, "Kada ka ƙara taka totur, ƙara nutsewa za ta yi. Ina injin, a kunne yake?"

Ya ce, "A kunne. Tsohuwa tana jin sanyi, na kunna mata ɗumi."

"Kashe shi. Ku fito ku hura wuta a gefen mota, ku rufa da barguna."

Ya ce, "To, to, babu damuwa." Irin amsar da mutum yake bayarwa in ba shi da niyyar yi.

Na bar gari na hau titin arewa, rana ta fara fitowa. Na sake kira don in tabbatar da hanyar da zan sauka daga kwalta. Wannan karon muryar ta yi nauyi, yana jan magana. Ya ce kansa yana ciwo, yarinyar ta yi amai, tsohuwa ma tana kukan kai, wataƙila naman da suka gasa jiya ne. Mutum uku ba sa kamuwa da ciwon kai lokaci ɗaya cikin rufaffiyar mota haka kawai. Na tuna ya ce ta baya motar ta nutse. In rairayi ya toshe bakin salansa, hayaƙin ba shi da wurin fita, sai ya bi ta ƙarƙashi ya shiga cikin mota. Kuma mugun da ke cikinsa ba shi da wari, ba shi da launi. Barci kawai yake sa mutum.

Na ɗaga murya. "Abu Nasir! Kashe injin yanzu! Buɗe ƙofofi, ku fita waje!"

Ya ce, "To... yanzu." Wayar ta katse. Na sake kira, tana ta ƙara, babu mai ɗauka. Na kira ofis na ce su turo motar asibiti ta jira ni a inda kwalta ta ƙare.

Da na iso bakin rairayi dole na tsaya. Ba a shiga rairayi da taya mai cikakkiyar iska, sai ka rage ta yi faɗi, in ba haka ba kai ma ka nutse, a rasa mai ceton wani. Na durƙusa ina sace iska taya bayan taya, ina kallon ma'auni, ina jin tana fita a hankali kamar da gangan. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa yin tsayuwar da ta kai wannan tsawo ba. Amma sai da na gama duka huɗun.

Na bi sawun tayoyinsu har na hango motar, fara, bayanta ya shige cikin rairayi har bamba, injin yana ta aiki, gilasai sun yi gumi ta ciki. Na sauka da gudu na buga gilashin direba da tafin hannu. Abu Nasir yana jingine, idanunsa rabi a buɗe. Ya dube ni, sannan ya juya kai gefe. Na ja ƙofa, a kulle. Na leƙa, tsohuwar da yarinyar suna baya cikin bargo, kujerar gaba ta dama babu kowa. Na koma na ɗauko sifanar taya na zagaya na fasa gilashin wannan ɓangaren. Na zura hannu na buɗe makullan, na riƙe numfashi, na miƙa na kashe injin, na wangale ƙofofin duka.

Yarinyar na fara ɗaukowa, ba ta da nauyi, na kwantar da ita a kan bargona ta gefenta, inda iska ke kaɗawa. Na jawo uban ta hammata. Da na zo kan tsohuwar na ce, "Ki yafe mini, Inna," na ɗauke ta cak kamar yadda zan ɗauki mahaifiyata. Na durƙusa na kai kunne kusa da hancinta. Tana numfashi, amma sama-sama. Ina cikin haka na ji yarinyar ta yi tari, ta fashe da kuka tana kiran babanta. Shi ma ya fara motsi, yana ƙoƙarin tashi yana faɗuwa.

Ban jira su gama farfaɗowa ba. Na sa su cikin motata, na sauke gilasai duka duk da sanyin, na juya. Ina ta yi wa Abu Nasir tambayoyi don kada ya koma barci: sunan 'yarsa, unguwarsu, aikin da yake yi. Yana amsa wasu, wasu ya yi shiru. Muna hawa kwalta motar asibiti tana isowa. Suka sa musu iskar numfashi a hanci suka wuce da su.

Ina tsaye ina mayar wa tayoyina iska mudir ya kira.

"Ilyas, ina motar mutumin?"

"Tana cikin rairayi, ya mudir. Gilashi ɗaya a fashe, ni na fasa."

Ya ce, "Mutanen fa?"

"Suna hanyar asibiti. Duka ukun suna numfashi."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Gilashi dai ba ya cikin daman. Amma wannan ka bar mini shi."

Da la'asar na koma da wani abokin aiki. Muka tone bayan motar da shebur, muka zaro rairayin da ya cushe cikin salansa, muka rage iskar tayoyi, muka sa katakai. Da ƙafarta ta fito, ko ja ba mu yi ba. Babu abin da ya same ta sai gilashin da na fasa.

Bayan 'yan makonni ina gareji ina duba igiyar winshi aka ce ana nemana. Abu Nasir ne, da kwalin dabino da tulun gahawa. Ya kama kaina ya sumbata. Ya ce yarinyar ta koma makaranta, mahaifiyarsa ta ɗan kwana biyu a asibiti amma ta fito, kullum tana sa ni cikin addu'a. Muka zauna a kan benci a inuwar satha, ya zuba mana gahawa da kansa. Ya daɗe yana juya ɗan kofin a hannunsa kafin ya yi magana.

"Baba Ilyas, zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da kake buga gilashin nan, na gan ka. Na gane ka sarai, na san kai ne wanda muka yi waya da shi. Uwata tana bayana, 'yata tana bayana. Wallahi abin da ke raina a lokacin shi ne, wai wannan mutum me ya sa ba zai ƙyale ni in yi barcina ba."

Ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. Muka zauna haka nan, gahawa tana hucewa a hannunmu.